Inna, Jiya Na Ɗago Na Kalle Ki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki a durƙushe, kamar yadda kika koya min tun ina ƙarama, da fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Surukinki da jikokinki duk suna nan lafiya. Na san wasiƙar nan ba za ta iso ki ba. Masu bin shafina ne za su karanta, su yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba. Amma da ke nake magana, don tun jiya bakina yake ƙaiƙayi, kuma ke kaɗai nake so in fara ba wa labarin.

Inna, an ɗaura min igiya! Koriya shar, a ƙugu, a gaban jama'a, ana kiɗa ana tafi. Ni ɗin nan, mai shekara arba'in da huɗu da ciwon gwiwa. Na san da kina nan za ki riƙe haɓa ki ce, “Igiya kuma? Akuya ce ita?” Ki bari in faro miki daga farko.

Sunan wasan kapuwera. Na mutanen Burazil ne, kuma an ce baƙar fatar da aka kwasa daga ƙasashenmu aka kai can bauta su suka faro shi. Ba dambe ba ne, ba kokawa ba, ba kuma rawa ce zalla ba. Mutane ne suke yin da'ira suna tafi da waƙa, biyu su shiga tsakiya suna kai wa juna ƙafa, wannan ya kawo, wancan ya goce. Gwani shi ne wanda zai nuna miki da ya so da ya same ki, amma ƙafarsa ba ta taɓa ki ba. Abin kiɗan kuwa wata sanda ce lanƙwasasshiya kamar bakan maharba, an ɗaura mata waya da ɗan duma a gindi. Idan aka kaɗa ta, a cikin haƙarƙari ake jin ta.

Ba da kaina na je ba. Bayan rasuwarki na yi wata takwas ban san inda nake ba. Ranar da ƙanena Sani ya bugo daga Funtuwa, kafin in gama fahimtar abin da yake faɗa har an kai ki. Daga nan rayuwata ta koma sito da gida. In tafi siton da nake aiki a Wendover, nan Amurka, in wuni ina cika kwalaye ina manna musu salatif, in dawo in zauna a kujera ɗaya har a kira magariba. Na yi ƙiba, jinina ya hau, likita ta yi min faɗa har ta gaji.

Akwai wata da muke aiki tare, Rifkatu, 'yar Kafanchan ce. Kirista ce, Hausa a bakinta kamar ta Kano, kuma ba ta san saurara wa mutum ba. Wata Juma'a da rana ta tsaya a kaina ta ce, “Maman Amira, gobe ƙarfe tara ina ƙofar gidanki. Idan ba ki tashi ba, da ke da kujerar zan sa a mota.” Na ɗauka wasa take. Ƙarfe tara saura sai ga hon.

Ta kai ni wani ɗan zaure a unguwar Glenwood, ƙasansa katako, ajin mata ne zalla ranar Asabar da safe. Mu goma sha ɗaya ne, akwai 'yan jami'a, akwai wata mai jika uku. Kafin in cire takalmi sai da na tambaya ko akwai wata bauta a ciki. Aka ce babu, gumi ne kawai. Na sa wando mai faɗi da doguwar riga, na ɗaure ɗankwalina tamau da ƙaramin hijabi a kai, na shiga.

Mai koyar da mu sunanta Lusiya, ni Malama nake ce mata. Ta ba shekara sittin baya, gajera ce, kanta fari fat, amma sai ta kafa hannu ɗaya a ƙasa ta juya ƙafafunta sama kamar ba ta da ƙashi. Ranar farko taku ɗaya ta koya mana, wanda suke kira jinga: ƙafar dama baya, ki dawo, ƙafar hagu baya, ki dawo, hannu yana kare fuska. Abu kamar wasan yara. Washegari da rarrafe na shiga banɗaki, sallah ma a zaune na yi ta. Surukinki ya dube ni ya ce, “Duka kuka je aka yi muku, ko me?” Amma Inna, ranar na ci tuwo malmala biyu, na yi barcin da rabona da shi tun kina da rai.

Waƙar ce ta fara kama ni. Malama ta bayar, mu mu amsa. Ko kalma ɗaya ban sani ba a yarensu, amma amshi ai amshi ne. Sai na tuna ku a tsakar gida ranar dakan biki, taɓare uku a turmi ɗaya, ke kina bayarwa su Gwaggo suna amsawa, kina cilla taɓaryarki sama ki tafa ki cafe. Ban san lokacin da muryata ta fi ta kowa ba. Malama ta nuna ni da baki tana dariya.

Durƙuso ma ban sha wahalarsa ba. Kafin biyu su shiga da'ira sai sun tsuguna a gindin mai kiɗa, su ba juna hannu. 'Yan jami'ar nan sai su yi ta tangaɗi suna dafa ƙasa, ni kuwa na sauka lafiya lau na zauna a kan dugadugaina. Malama ta ce kowa ya zo ya ga yadda ake yi. A raina na ce, wannan aikin Inna ne, shekara nawa ina gaida mutane a haka.

Matsalar daga ido ta fito.

Ranar da na fara shiga da'ira da Malama, muka tsuguna, ta miƙo hannu, ni kuma na yi abin da na saba. Babba ce, malamata ce, sai na sunkuyar da kai. Muka shiga ina jinga ina kallon yatsun ƙafata. Ban ankara ba sai na ji iska a kunnena. Ƙafarta ce tsaye cak a gefen fuskata, saura kaɗan. Ta sauke, ta yi min magana da ƙarfi. Ni kuma da na ji faɗa sai na ƙara yin ƙasa da kai, don haka ake karɓar faɗan babba. Ita kuwa ta ɗauka fushi nake, ko raini ne. Ta tsayar da kiɗan gaba ɗaya.

Rifkatu ce ta raba mu. Ta yi mata bayani da Turanci cewa a wurinmu yarinya mai tarbiyya ba ta zuba wa babba ido, ladabi ne nake yi mata. Malama ta ce ta gane, kuma ta gode. Sannan ta ce, “Amma a cikin da'irar nan, idan ba ki kalle ni ba, kin bar min gadin kanki ni kaɗai. Wata rana ƙafata ba za ta tsaya ba.” Daga ranar ta sa min suna da yarensu, wai Kunkuru, don da an matso ni sai in shigar da kai.

Inna, ke kin san inda na samo wannan. Ni ce 'yarki ta fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinki ba. “Ku kira min Yayarku.” “Ke, zo nan.” “Waccan ta ci abinci kuwa?” Idan na shigo ɗaki sai ki sami abin yi a ɗaya gefen. Idan kina yi min kitso, a bayana kike. Ranar da za a kawo ni ƙasar nan kowa ya rungume ni, ke kuwa kina bakin murhu kina gyara itacen da ba ya buƙatar gyara, kika ce wa tukunya, “Allah ya kiyaye hanya.” Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙi ba. Na san kunyar ɗan fari ce, na san ƙullin dambun naman da na tarar a ƙasan akwatina ba shi ya sa kansa ba. Ni ma haka na tashi ina mayar miki, kaina a ƙasa.

Sai kiranmu na ƙarshe. Sani ya riƙe miki waya, muna ganin juna ta bidiyo, kina jingine da filo kin rame. Muka gaisa kamar kullum, ke kina kallon gefe, ni ina kallon hannuna. Can sai kika ce, “Ɗago ki kalle ni mana.” Ban taɓa jin irin wannan daga bakinki ba. Kunya ta rufe ni, na yi 'yar dariya, na ja gefen mayafi na kare fuska, na ce, “Kai, Inna.” Kika ce, “To, shi ke nan.” Bayan kwana huɗu Sani ya bugo.

Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai kwanan nan. Abu ɗaya kika roƙe ni a duk rayuwarki, na hana ki. Kuma idan na rufe ido ina neman fuskarki, ina ganin hannunki, ina ganin zanenki mai ruwan ƙasa, ina ganin gefen kuncinki, amma ba na ganin idonki. Ban san shi ba. Sani ya aiko min da ɗan hotonki na fasfo, wanda kika ɗauka za ki Makka, shi kaɗai ne hoton da mai ɗauka ya tilasta miki kallon gaba. Da na buɗe ambulan na gane ko mene ne, sai na kife shi na tura ƙarƙashin zannuwa. Ya fi shekara a can. Na kasa.

To ana nan sai Malama ta sanar cewa saura sati shida a yi bikin ɗaura wa sababbi igiyar farko. Malamai za su zo daga wasu garuruwa, kowace sabuwa za ta shiga da'ira da babba. Ta kira sunayen waɗanda suka isa, har da Rifkatu. Ni ta ja ni gefe ta ce ƙafata ta isa, muryata ta wuce isa, amma ba za ta sa ni a gaban baƙi ina kallon ƙasa ba, don za a ji min ciwo. Idan ido ya gyaru kafin ranar, to. Idan bai gyaru ba, sai baɗi.

Inna, ban san ina son igiyar nan haka ba sai da aka ce ba zan samu ba. Tun rasuwarki ban so komai ba. Sai ga ni ina son igiya kamar yarinya da kayan sallah.

Na dage. Lokacin hutun rabin awa a wurin aiki, ni da Rifkatu mu fita bayan sito inda ake ajiye motoci, mu yi ta jinga muna kallon juna. Ita ba ta da kirki, sai ta murguɗa baki ko ta karkace ido, in fashe da dariya in sunkuya, ta ɗaka min duka a kafaɗa ta ce, “Kin mutu! A sake.” A gida kuma na koma gwaji a kan surukinki. Yana cin abinci na kafa masa ido ina ƙirgawa a zuci. Ya kai loma biyu, ya ajiye cokali ya ce, “Maman Amira, idan wani abu aka ce na yi, gara ki faɗa min.” Na yi dariya har da hawaye.

Sau ɗaya na yi kuskure. Bayan sallar Juma'a na je gaida wata dattijuwa, Hajiya Babba muke ce mata, na manta na dube ta tsakiyar ido. Ta ce, “Lallai, Amurka ta gama shiga jikinki.” Na ba ta haƙuri. Kada ki damu, Inna, ban zubar da abin da kika ba ni ba. Na dai gane kowane ido da wurinsa.

Da Rifkatu na iya, da 'yan jami'a na iya. Da Malama ce abin ya ƙi. Da na ga farin gashin nan sai wuyana ya lanƙwashe da kansa. Saura sati biyu, muna cikin wasa, ta tsaya ta sa yatsa biyu a ƙarƙashin haɓata ta ɗaga, ta ce a hankali in kalle ta. Da Turanci ta faɗa, amma ni da muryarki na ji. Na zauna a katakon nan na yi kukan da ban yi ba ranar da Sani ya bugo.

Ba ta ce in yi shiru ba. Ta sallami sauran, ban da Rifkatu, su je su sha ruwa, ta zauna a ƙasa kusa da ni. Da Turancina mai guntu-guntu na ba ta labarin kiran nan, Rifkatu tana cike mata inda na kasa. Da na gama ta ce ita ba za ta iya zama uwata ba, kuma ba za ta ce min komai ya wuce ba. “Amma ni tsohuwa ce, ina da ido biyu, kuma ina nan duk Asabar. Ki yi koyo a kaina.” Ta miƙe ta miƙo min hannu. Ranar na kalle ta na ɗan lokaci kaɗan. Asabar ta gaba na ƙara. Ranar Laraba ta aiko wa Rifkatu saƙo, wai a faɗa wa Kunkuru ta nemi farin wando.

Jiya ke nan aka yi. Inna, da kin ga wurin! An cika maƙil, kowa cikin fararen kaya, masu kiɗa sun jeru, ga ganga ga abin bakan nan har guda uku. Da aka ɗauki waƙa sai da katakon ƙasa ya yi rawa. Surukinki da yara suna can baya a kan kujeru. Tun da wuri na roƙi a bar ni da mace, Malama ta ce ita da kanta za ta shiga da ni. Rifkatu ta riga ni, wata baƙuwar malama ta kwashe ta ta zube, ta tashi tana ihu kamar ta ci kyautar mota.

Aka kira Kunkuru. Na je na tsuguna. Malama ta miƙo hannu, na yi bismillah a zuci, na ɗago.

Kin san abin da ba wanda ya faɗa min? Ashe ƙafa ba ta tashi sai ido ya riga ta. Ina kallonta sai na ga idonta ya ɗan leƙa hagu, kafin ƙafar ta taso na riga na nutse ƙasa, ta wuce ta saman kaina fuu. Aka yi shewa. Ta sake kawowa ta dama, na gani, na goce. Na juya na kai mata tawa, ta kauce tana dariya, ni ma ina dariya, muna zagaya juna. Wata takwas ina kallon ƙafafu ina neman inda duka zai fito, ashe a fuska ake rubuta shi. Kuma ba duka kaɗai ba. Na ga tsokana a idon matar nan, na ga gajiya, na ga tana jin daɗina. Duk wannan yana nan tun ranar farko, ni ce ban duba ba.

Al'adarsu ce a ranar nan sai babba ya kayar da sabo, don ya san ƙasa tun da wuri. Na ga lokacin da ta yanke shawara, na gani sarai a idonta, amma jikina bai kai saurin ba. Ta sa ƙafa ta share tawa, na zauna daɓas. Wurin ya ɗauki ihu. Ko a ƙasan ban sauke idona ba. Ta ɗaga ni, ta zagaya ƙuguna da koriyar igiya ta ƙulle, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, wai Kunkuru ta fito da kai. Rifkatu ta rangaɗa guɗa irin ta gida, Turawa suka juyo suna neman inda ƙarar ta fito.

Muka dawo gida da la'asar. Ban cire igiyar ba. Na yi alwala na yi sallah, sannan na buɗe durowa na ɗaga zannuwa na ciro ambulan ɗin. Na zauna a bakin gado inda hasken taga yake, na juya hoton.

Inna, ashe haka kike.

Kwallinki ya ɗan zarce a idon hagu, kin sa shi cikin sauri. Girarki ɗaya ta fi ɗaya ɗagawa, kamar mai hoton ya faɗi wani abu kina danne dariya. Kuma a farin idonki na dama akwai ɗan ɗigo mai ruwan ƙasa, ƙarami kamar ƙwayar gero. Na tashi na je madubi. Nawa yana nan, a ido ɗaya, a wuri ɗaya. Shekara arba'in da huɗu ina yawo da shi ban san na gado ba ne. Ke kuwa na tabbata kin sani. Kin gan shi tun ina cikin tsumma, lokacin da ba kowa a ɗakin balle ki ji kunya.

Na daɗe ina kallonki. Ban yi dariya ba, ban ja mayafi ba. Na makara, na sani, amma na ɗago. Hoton yanzu yana jingine a kan durowa, fuskarsa a waje, igiyar tana rataye a gefensa. Asabar mai zuwa za a fara koya mana juyi a kan hannu, Rifkatu ta ce idan na karye ba ruwanta.

Allah ya jiƙanki, Inna. Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki ya cika shi da haske, ya saka miki da Aljanna a kan kowace wahala da kika sha a kaina ba tare da kin faɗa ba. Ki yafe min ranar nan. Allah ya haɗa mu a inda ba rabuwa, kuma idan ya haɗa mu, ba sai kin roƙa ba.

Taki har kullum, 'yarki ta fari. Bari in rubuta miki sunan, tunda ke kunya ta hana ki.

Rakiya,
daga Greensboro.